Masu kira a waya su ce wa za ka zaɓa, ga yadda na ga aikinsu

Duk wanda ke zaune a Abuja kuma lambarsa ta taɓa shiga wani fom ya san masu kiran nan na jin ra'ayin jama'a da zarar kakar zaɓe ta matso. Kamfanin da zan yi magana a kai ba zan kama suna ba. Tsakani da Allah aikinsu akwai tsari, yarinyar da ta kira ni Hausarta tsaf, ta yi sallama, ta ce Baba minti goma kawai zan ɗauke ka, kuma ba ta nemi BVN ko lambar katin zaɓe ba, wanda shi na fara kasa wa kunne saboda 'yan damfara sun yi yawa.

Inda muka raba gari shi ne tambayoyin iyali. Wai yawan matan ɗan takara ko addinin matarsa zai iya canja min ra'ayi? In zaɓa daga 1 zuwa 5. Na ce 'yata ai wannan ba maganar lamba ba ce, ta ce ka yi haƙuri Baba, kwamfuta ba ta karɓar bayani. To fa! A 2023 kowa ya ji yadda aka yi ta tauna zancen cewa Oluremi matar Tinubu fasto ce a cocin Redeemed, wasu suna kawo shi don kwantar da hankalin masu adawa da tikitin Musulmi da Musulmi, a majalisarmu ta Kubwa kuwa wasu da shi ɗin dai suke sukar mutumin, magana ɗaya kowa ya ja ta inda ya ga dama, to ta yaya 3 ko 4 za ta nuna wannan?

Sannan su wa ma suke samu? Mai ɗaukar baƙuwar lamba, mai caji, mai lokacin surutu. Yayana da ke ƙauye ko ya ɗauka cewa zai yi Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, ya kashe wayarsa. Shi ya sa ban yi mamaki ba da ƙuri'un jin ra'ayin jama'a da kamfanin NOIPolls ya yi wa gidauniyar ANAP kafin zaɓen 2023 suka sa Peter Obi a gaba, tare da ɗimbin waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba ko suka ƙi faɗa. A nan Abuja abin ya yi daidai, Obi ya samu ƙuri'a 281,717, Tinubu 90,902. Amma a ƙasa baki ɗaya Tinubu ya tashi da miliyan 8.79, Atiku 6.98, Obi 6.1, kuma ko kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba su fito ba.

Ladabi da kiyaye sirri na ba su biyar cikin biyar, tambayoyi kuwa biyu ma da ƙyar. Ta ce za su turo min sakamako ta tes in sun gama haɗawa, har yau shiru.