Sulhu ta Hannun Lauyoyi a Kumasi: Ina Amfaninsa, Ina Cikas Ɗinsa?

Ma'auratan unguwar Aboabo ko Asawase da suka rabu, rigimar ciyar da yara ko gida ta rage, ba dole sai kotu ba. Akwai lauyoyin da ke yin zaman sulhu. Kowane ɓangare da lauyansa, mutum huɗu a teburi ɗaya, kuma tun farko ana sa hannu cewa in aka tafi kotu, lauyoyin biyu za su janye. Wannan sharaɗin shi ne ƙashin bayan abin, don lauya ba ya cin ribar rushewar magana.

A je da takardar aure, takardun fili, rasit ɗin kuɗin makaranta. Auren Musulmi da ba a yi wa rajista ba, a gaya wa lauya tun zaman farko.

Ya fi kotu rufin asiri, nesa ba kusa ba. Cikas ɗin shi ne ɓoye dukiya: maigida ya manta da shagonsa na kasuwar Kejetia, sai an kusa gamawa a gano. Kuɗin lauya biyu ma ba wasa ba ne. Marasa hali su nemi sulhu a Legal Aid, hukumar gwamnati da ke taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a. Inda akwai duka kuwa, a nufi DOVVSU, sashen 'yan sandan Ghana da ke kula da cin zarafi a cikin gida.