Sharhi kan Bitar Laburare: Zotero Ta Yi, Amma Gyaran Bayanai Na Hannunka

Bitar da laburaren jami'a ke shirya wa ɗaliban digiri na biyu da na uku kan dabarun bincike da tsara manazarta ta cancanci a ba ta lokaci, ko da mutum ya daɗe yana rubuta maƙala. Na halarta, na kuma yi aiki da abin da aka koyar a rubutu na gaske. Zaɓen Zotero, manhajar tattara manazarta da tsara su, a matsayin abin koyarwa ya yi daidai, ɓangaren neman maƙaloli ma ya ƙayatar. Inda nake da ƙorafi shi ne rabon lokaci: an daɗe ana fama da saka manhaja a kwamfutoci, aka zo aka wuce da sauri a inda ɗalibi ya fi tuntuɓe, wato gyaran bayanan da manhajar ta kwaso.

A zaman farko an nuna yadda ake karya taken bincike zuwa kalmomi biyu ko uku masu nauyi, maimakon a kwafe taken kundi gaba ɗaya a zuba a Google. AND na matse sakamako, OR na faɗaɗa shi, alamar zance kuma na riƙe kalmomi a jere yadda aka rubuta su. Mai binciken zazzaɓin cizon sauro ga masu juna biyu zai rubuta malaria AND pregnan* AND Kano a PubMed, rumbun maƙalolin fannin lafiya, tauraron nan na ƙarshen kalma ya kamo masa pregnant da pregnancy a lokaci guda. Abin da ba a faɗa ba shi ne Google Scholar ba ya aiki da wannan tauraron, a can sai ka jera kalmomin da OR. Wani abin da ya kamata a ƙara ga masu nazarin yankinmu shi ne bambancin rubutun suna. Rubuce-rubuce da dama kan Hausawan Nijar da Faransanci aka yi su, wanda bai sa Haoussa a gefen Hausa ba, ko Peul da Fulbe a gefen Fulani, zai ɗauka babu abin da aka rubuta, alhali akwai.

An gabatar da AJOL, rumbun mujallun Afirka da ya fara aiki a 1998, da DOAJ da aka kafa a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, inda ake tantance mujallun da ake karantawa kyauta. Amfanin DOAJ biyu ne: ka samu maƙala, ka kuma duba ko mujallar da ta aiko maka saƙon "mu buga maka cikin mako guda" tana cikin waɗanda aka tantance. Rumbunan da jami'a ke biya wa kuɗi kuwa, yawanci sai a kan intanet ɗin makaranta suke buɗewa, ko da kalmar sirri da ake karɓa a laburare. Ka karɓi taka a ranar bitar kafin ka tashi.

Batun manhaja, an ambaci guda uku. EndNote ta kamfanin Clarivate ce, ta kuɗi ce, in jami'a ba ta saya ba babu dalilin da ɗalibi zai takura kansa. Mendeley, wadda Elsevier ya saya a 2013, tana ba da wurin ajiya na gigabait 2 kyauta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai tun Satumban 2022 aka daina ba da tsohuwar Mendeley Desktop da malamai da yawa suka saba da ita. Sabuwar na amfani da Mendeley Cite wajen sa madogara a Word, wanda ke buƙatar Word na 2016 zuwa sama, kuma sai an ɗauko shi daga shagon Microsoft an shiga da asusu. A kwamfutar da aka zuba wa Word a kasuwa, wannan matakin kan tsaya cik. Zotero kuwa ta fito ne daga Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006, wata ƙungiya da ba ta neman riba ce ke kula da ita yanzu, kuma komai na zaune a cikin kwamfutarka. Ko babu sabis, za ka sa madogara a rubutu ka fitar da manazarta. A inda data ke da tsada, sabis ke zuwa yana tafiya, wannan kaɗai ya isa hujja.

Abubuwa uku ake sakawa: manhajar kanta, sai Zotero Connector da ke zama a burauza kamar Chrome ko Firefox, sai 'yar ƙaramar manhajar da ke shiga Word, wadda kan shigo da kanta tare da Zotero. Idan ka buɗe Word ba ka ga shafin Zotero a sama ba, ka rufe Word gaba ɗaya, ka shiga Settings na Zotero, sashen Cite, ka sake saka ta daga nan. Masu WPS Office su sani ba a yi ta don WPS ba, LibreOffice kuwa kyauta ne kuma tana aiki da shi, haka ma Google Docs. Da masu shirya bita za su tura waɗannan matakan kafin ranar, ko su raba fayil ɗin a filashi, da ba a ga mutum talatin na sauke abu ɗaya a kan layin intanet ɗaya ba. Haka kuma idan ɗaki guda ya dira kan Google Scholar kowa na kwasar sakamako da yawa a tashi ɗaya, Google kan ɗauka inji ne, ya rufe kowa na ɗan lokaci.

Shigar da maƙala ba wuya. Hanya mafi tsafta ita ce ka buɗe shafin mujallar da ta buga maƙalar ka danna Connector, ko ka kwafi DOI, wato lambar shaidar maƙalar, ka zuba a maɓalli mai alamar sanda da ke saman manhajar, tana karɓar ISBN, lambar shaidar littafi, da lambar PubMed ma. Jefa PDF kai tsaye na aiki idan an buga shi da na'ura, amma kundin da aka ɗauka hoto shafi-shafi ba za ta gane komai a cikinsa ba. Bayanan Google Scholar su ne mafi rauni: sau da yawa babu DOI, babu lambar fitowa, wani lokaci sunan mujalla a guntule.

To, a nan ne aikin yake. Zotero ba ta san daidai da kuskure ba, abin da ke cikin gidajen bayanan shi take jerawa. Duk abin da ya shigo, ka dubi ɓangaren dama ka tantance abu biyar: nau'in aikin, sunan marubuci, shekara, take, sai juzu'i da fitowa da shafuka. Idan babin littafi ya shigo a matsayin maƙalar mujalla, sunan edita da maɗaba'a ba za su fito ba, komai yawan danna Refresh, maɓallin sabuntawa na Zotero a Word.

Sunaye su ne babbar matsala a wajenmu. Mutum ɗaya zai fito a wata mujalla da sunan mahaifinsa a matsayin sunan ƙarshe, a wata da sunan garinsu, a ta uku kuma an juya sunansa na yanka ya koma baya. Ko da sunan ƙarshen ɗaya ne, in a wuri ɗaya an rubuta cikakken sunan farko, a wani an sa harafi kawai, Zotero za ta ɗauka mutum biyu ne. A salon rubuta manazarta na APA sai ta riƙa manna haruffan farko a cikin rubutu don ta bambanta su, ɗalibi ya yi ta gogewa da hannu suna dawowa. Maganin yana cikin manhajar, ba a Word ba: ka daidaita rubutun sunan a duk ayyukan mutumin, harafi da harafi. Sunan hukuma kuwa, kamar National Bureau of Statistics, akwai ɗan maɓalli a gefen gidan suna da ke mayar da shi gida ɗaya. In ba ka danna ba, za ka ga "Statistics, N. B. of" a manazarta, mai jarrabawa na waje kuma ba ya ƙyale irin wannan.

Take ma haka. APA na son ƙananan haruffa a taken maƙala, ban da harafin farko da sunayen yanka. Zotero na iya mayar da ƙananan haruffa manya idan salo ya nema, amma ba ta iya sauko da su da kanta, don ba ta san Zariya suna ne ba. Don haka ka ajiye kowane take da ƙananan haruffa: danna dama a kan taken, zaɓi Sentence case, sannan ka ɗaga sunayen garuruwa da na mutane da hannu. Ga ayyukan Hausa da Larabci da Faransanci, ka rubuta ha ko ar ko fr a gidan Language. Wannan ke hana salo irin Chicago ɗora wa taken Hausa ƙa'idar manyan haruffa ta Turanci. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, manhajar na riƙe su lafiya, amma bayanan da aka kwaso daga intanet kan zo babu su, sai ka mayar.

Misalan bitar duk na mujallu masu DOI ne. Ɗan sashen Hausa ko Tarihi ko Nazarin Addinin Musulunci rabin manazartarsa ba ta da DOI, wani littafin ko ISBN babu. Waɗannan da hannu ake shigar da su, kuma akwai nau'in da ya dace da kowanne. Kundin digiri na da Thesis, ka cika matakin digirin da sunan jami'a. Takardun Gidan Arewa ko na Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna suna shiga a Manuscript, lambar fayil ta tafi gidan Loc. in Archive. Labarin jarida, daga Gaskiya Ta Fi Kwabo zuwa Aminiya, yana buƙatar cikakkiyar rana, ba shekara kawai ba. Littafin da aka sake bugawa, ka rubuta Original Date da shekarar bugun farko a gidan Extra, shekarun biyu za su fito. Hira da mutane na da nata nau'in, sai dai APA ba ta sa hirar da ba a adana a wani wuri ba cikin manazarta, a cikin rubutu kawai ake ambatonta, alhali sassan Tarihi kan nemi jerin waɗanda aka zanta da su. Ka tambayi sashenku kafin ka fara.

Tambayar sashe ta shafi salon ma. Zotero na da dubban salo, amma APA ɗin da ke ciki bugu na 7 ne, wanda ya fito a ƙarshen 2019. Ya cire garin maɗaba'a, yana jera marubuta har 20 a manazarta, yana kuma sa et al., wato "da sauransu", tun ambaton farko idan marubuta sun kai uku. Idan littafin ƙa'idar makarantarku bai bar bugu na 6 ba, malamin da ke duba aikinka zai yi ta tambayar ina Kano ina Ibadan a gaban sunan maɗaba'a. Bugu na 6 yana nan a rumbun salon Zotero, ka ɗauko shi, canzawa ba ta wuce danna biyu ba.

A cikin Word, kowace madogara na ɗaure da manhajar ta wani ɓoyayyen zare. Lambar shafi da cire sunan marubuci idan ka riga ka ambace shi a jimla, duk a akwatin Zotero ake yi, ka danna kan madogarar zaɓin ya fito. Zaren na tsinkewa idan aka buɗe fayil ɗin a wata manhaja daban aka adana, kamar yadda kan faru in malami ya duba a waya ko an kai shagon buga takardu. Don haka ka riƙe uwar fayil a wajenka, ka yi kwafi, a kan kwafin ka danna Unlink Citations ka tura. Wannan maɓallin ba ya komawa baya, kada ka kuskura ka danna shi a kan uwar. Idan kundi ya yi kauri Word ya fara nauyi, ka kashe sabuntawa ta kai tsaye a Document Preferences, ka riƙa danna Refresh sa'ad da ka so.

Wurin ajiyar kyauta megabait 300 ne. Maƙaloli masu megabait 2 ɗari da hamsin sun cika shi, kundi ɗaya da aka ɗauka hoto na iya cinye kaso mai tsoka. Amma iyakar ta fayiloli ce kawai, bayanan manazarta ba su da iyaka. Ka buɗe asusu, ka bar bayanai su riƙa hawa, ka cire alamar tura fayiloli, sannan lokaci-lokaci ka rufe manhajar ka kwafe foldar Zotero gaba ɗaya zuwa filashi. Wasu kan ɗauke foldar su sa cikin Google Drive ko Dropbox don su tsere wa iyakar, wannan kan lalata rumbun bayanan, masu manhajar da kansu sun yi gargaɗi a kai. A laburaren haɗin gwiwa na rukuni kuma, fayilolin kowa daga kason wanda ya buɗe rukunin ake cirewa.

Abu biyu sun burge ni da ba a tsaya a kansu ba. Tun bugun Zotero na 6 da ya fito a 2022 ana karanta PDF a cikin manhajar, ka shafa wa jimla launi, ka kwashe ta zuwa rubutu tare da madogara da lambar shafinta. Sannan idan mujalla ta janye wata maƙala da ke cikin tarinka, Zotero na sa mata jar alama bisa bayanan Retraction Watch, masu bibiyar maƙalolin da aka janye, muddin tana da DOI ko lambar PubMed.

Ba a taɓo manazartar bogi da ChatGPT da ire-irensa ke ƙirƙira ba, ga shi kuwa ta fara cika ayyukan ɗalibai: suna mai kama da gaske, mujalla ta gaske, maƙalar babu ita. Gwajin na minti ɗaya ne. Ka zuba DOI ɗin a alamar sandar, in bai fito da komai ba, ko ya fito da wani take daban, ka nemi taken a shafin mujallar kanta. In can ma babu, ka cire shi daga kundinka.