Hatsi mai rangwame ko ruwan noman rani: wanne ya fi cancantar kuɗin gwamnati?

Malam, ka ce in kuɗin gwamnati bai isa duka ba, gara a zuba shi a hatsi mai rangwame da tallafin wata-wata ko a rijiyoyi da noman rani. To ni daga abin da ke hannuna zan ba ka amsa.

Ina da 'yar garka wajen Mirriya, gadon mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa. Shekarun baya na sayi motopompi mai shan esansi, kuma wallahi har yau in na tuna raina sai ya ɓaci, don lissafina gaba ɗaya na ɗora shi ne a kan man Najeriya da ke shigo mana ta Magariya da Matamaye da arha, ban taɓa zama na yi tunanin cewa arhar nan wata gwamnati ce ke biyan ta daga baitulmalinta ba kuma wata rana za ta gaji. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kuɗin bidon ya tashi, ruwan da nake ba albasa ya koma yana cinye ribar albasar tun tana ƙasa.

Daga baya wani shiri na taimakon manoma ya zo yankinmu, su biya kaso kai ka biya kaso, a haƙa maka rijiya a sa famfo mai aiki da hasken rana. Raguna biyu na sayar na cika nawa. Malam ranar da ruwan nan ya fara zuba babu ƙarar inji babu hayaƙi, tsohuwarmu da kanta ta sa aka kai ta garkar a amalanke, ta tara hannu ta sha ta yi ta sa albarka. Yanzu albasa, tumatir, salati, zogale, har rake na gwada a gefe ɗaya. Yara uku na unguwarmu da duk bayan kaka sai sun tafi ci-rani Kano, ɗaya ma har ya fara maganar Libiya, yau tare muke aiki. Mai motar da ke kwaso kayan ya samu, matan da ke sari a Kasuwar Dole sun samu, mai karɓar harajin kasuwa ya yanki tikitinsa, ka ga kuɗin da aka kashe mini sau ɗaya yana komawa asusun hukuma kaɗan-kaɗan duk shekara.

Hatsin rangwame kuwa, to ba zan ce banza ne ba, duk wanda ya ga yunwar 2005 ba zai raina buhu mai kilo 100 da OPVN, hukumar ajiyar abinci ta Nijar, ke sayarwa jika 13 ba. Amma a ci ne ya ƙare, baɗi a sake nemo kuɗin wani.

Kuma nan ne abin ke damuna sosai, alkawarin kyauta faɗarsa ba wuya, biyansa ne aiki. Tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, niyya ce mai kyau ƙwarai, amma kuɗin da ya kamata a mayar wa asibitoci ya riƙa makara har bashi ya taru. Ni na kai ɗana da masassara cikin dare, aka duba shi kyauta ɗin, sannan aka miƙo mini takarda na je waje na sayi maganin da kuɗina, ma'aikaciyar ma kunya ta hana ta kallona, ba laifinta ba ne, kantar ce babu komai. Tallafin jika 10 a wata da aka riƙa ba gidaje marasa ƙarfi ma da kuɗin Bankin Duniya aka fara shi. Da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya zo wa Nijar a 2023 masu ba da agaji suka janye hannu, sai da aka zabge kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100. A duk watannin nan famfona bai tsaya ko kwana ɗaya ba.

Matatar mai ta SORAZ tana nan kusa da mu tun 2011, ganga 20,000 a rana aka gina ta ta tace. Da ni ake shawara kason da ƙasa ke samu daga mai, ruwa zan fara sa wa, ruwan sha a cikin birnin Damagaram inda har yanzu unguwanni da yawa sai da 'yan garuwa, da na garake daga Gidimuni har Kantse.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa. In za ka sayi faifan sola ka yi hattara, akwai masu manna takardar ƙarfin wuta ta ƙarya a bayan ƙaramin faifai, ko su wanke tsohon famfo su maida shi kwali su ce sabo ne daga Dubai. Ka tafi da mai gyaran da ka yarda da shi ya auna a gabanka da tsakar rana, kuma kar ka biya sai an rubuta maka takardar garanti. Haka wanda zai ce ka ba shi na goro ya sa sunanka a jerin masu tallafi, ɓarawo ne. Akwai kuma 'yan kasuwar da ke tura yara layin hatsin rangwame su tattara buhunan su ɓoye sai farashi ya hau, in ka gani ka kai maganar wajen mai unguwa.

Ka zaɓi ruwa Malam. A bar hatsin rangwame na watannin tsakiyar damina kawai, Yuni zuwa Agusta lokacin da rumbuna suka ƙare, a ba tsofaffi da zawarawa da marayu, kuma a tabbatar kuɗinsa yana cikin asusu kafin a yi shela a rediyo. Sauran duka a haƙa rijiyoyi. In ka samu lokaci ranar Lahadi ka biyo ta Mirriya in nuna maka famfon da idonka.