Kwana uku a Jidda bayan Umra: abin da na biya da abin da na samu

Mu mutanen Kaduna, Jidda a wurinmu filin jirgi ce kawai. Ka sauka da harami a jikinka, mota ta kwashe ka zuwa Makka, ranar komawa ka ɗaure kaya ka karɓi Zamzam ɗinka ka hau jirgi. Sau biyu ina yin haka. A watan Janairu da na raka mahaifiyata Umra, ejan ɗin da ya yi mana biza a nan Kaduna ya ce in za mu ƙara kuɗi akwai kwana uku a Jidda, da masauki da direba. Na shawarci Hajiya, ta ce ita dai tana so ta ga teku da idonta tun ƙafafunta na ɗaukarta. Sai na biya.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai. An ce mana masaukin yana bakin teku. Da muka isa, babu teku babu dalilinsa, sai an yi kusan minti 25 a mota kafin a hango ruwa. Takardar tsarin yawon da aka ba mu kuma rabinta manyan kantuna ne. Tsohuwa mai ciwon gwiwa me za ta yi da zagayen kanti? Na kira ejan ɗin, ya ba ni haƙuri, amma bai sauya komai ba.

Direban ne ya gyara tafiyar. Bahaushe ne haifaffen Jidda, kakanninsa daga ƙasar Kano suka taho aikin Hajji suka zauna, Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci. Ya tarbe mu a tashar jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, jirgin ne kuma ya kawo mu daga Makka cikin kusan rabin awa. Ya duba takardar, ya ninke ta, ya ce, "Hajiya, me kike so ki gani?" Ta ce, "Ɗan nan, ruwa." Ya ce to bayan La'asar.

Hanyar bakin tekun suna kiranta Kurnish, doguwa ce ƙwarai, ta bi gaɓar Bahar Maliya. Na san bakin kogin Kaduna ta wajen Gamji, amma can kana hango ɗaya tsallaken. Nan ruwa ne har inda ido ya ƙare. Hajiya ta daɗe a tsaye riƙe da ƙarfen shingen tana tasbihi, ba ta ce da kowa komai ba. Ko'ina iyalai ne zaune a kan darduma, da butar gahawa da kwanon dabino, yara na tuƙa keke, kuma ba a karɓar ko sisi. Magariba muka yi a Masallacin Rahma, wanda aka gina a kan ginshiƙai cikin teku, kana sujada kana jin ruwa na dukan ƙasan ginin. Da duhu ya yi direba ya gangara da mu kudu, inda ake kallon maɓuɓɓugar Sarki Fahad. Tun 1985 take tsiri, ruwan teku ne injina ke harbawa sama fiye da mita 250, an haske shi da fitilu. Duk yammacin kwana ukun nan a Kurnish muka ƙare su, kuma ban gaji ba.

Abinci mafi daɗi da na ci, a babbar kasuwar kifi ne. Da safe ake zuwa. Akwai ƙarni, ƙasa kuma a jiƙe take, don haka kada a sa takalmi mai santsi. Kifi ne jibge a kan ƙanƙara, ja da shuɗi da mai ɗigo-ɗigo, ga jatan lande ga ƙaguwa. Sai ka zaɓa a auna, ka kai wa masu gyarawa su kankare, sannan ka miƙa wa masu girki ka faɗa musu suya kake so ko gashi. Direba ya zaɓar mana jan kifin da suke kira najil, ya yi ciniki da Larabci har aka rage. Aka kawo shi da shinkafar sayadiya, wadda soyayyar albasa ke mayar da ita ruwan ƙasa. Mu da muka saba da tarwaɗa da karfasa, namansa ya ba mu mamaki: fari tas, yana ɓarewa falle-falle, ƙaya kaɗan. Hajiya da ba ta cika cin abincin waje ba sai da ta nemi ƙari.

Karin kumallo kuwa gurasar tamis ce da dafaffen wake, kusan gurasar Kano sai dai ta fi faɗi. Akwai kuma ma'asub, ayaba da gurasa da aka dama da zuma da madara mai kauri. Yana da nauyi, kwano ɗaya ya ishi mutum biyu. Gidan abincin Al Baik ba sai na bayyana wa kowa ba, duk wanda ya je Saudiyya ya san kazarsu da miyar tafarnuwa, sai dai ban san a Jidda aka kafa shi ba, a 1974, sai a wannan zuwan. Wani dare kuma direba ya kai ni unguwarsu na sayi nama mai garin ƙuli da yaji. Siriye suke ce masa. Tsirenmu ne, har sunan bai yi nisa ba, kuma Larabawa ne a layi suna jira.

Tsohon gari, wato Balad, shi na fi so bayan teku. Tun zamanin Sayyadina Usman ɗan Affan aka mayar da Jidda mashigar Makka ta ruwa, kuma a 2014 UNESCO ta sa wannan unguwa cikin wuraren tarihi na duniya. Gidajen dogaye ne, an gina su da dutsen murjani na teku, tagoginsu na katako ne masu sassaƙa da suka turo waje, iska na shiga, na ciki yana ganin titi ba a ganinsa. A ƙofar gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, akwai wata tsohuwar bishiya da ake cewa a da ita kaɗai ce a garin. Hajiya ta ɗaga kai ta ce, "Ashe dogon yaro ne!" Irin wanda ke ƙofar gidanmu a Tudun Wada. Lungunan ba su da daɗin tura keken marasa lafiya, shi ya sa muka riƙa tafiya muna hutawa.

A ɗaya daga cikin hutun nan muka sha gahawar da ta fi kowace. Ɗan shago ne mai benci biyu kusa da kasuwar Alawi. Gahawarsu ba baƙa ba ce, ruwan ɗorawa ce, tana ƙamshin wani ɗan iri da suke kira hel, babu sukari, dabino ne ke kashe ɗacin. Mai shagon ya zuba ɗan kaɗan a finjali, Hajiya ta dube ni kamar za ta ce rowa ce. Direba ya yi mata bayani cewa haka al'adar take, a zuba kaɗan a yi ta ƙarawa, in ka ƙoshi ka girgiza finjalin. Sau huɗu aka ƙara mata kafin ta girgiza.

Na gwada wani shagon kofi na zamani a bakin teku, mai gilashi daga sama har ƙasa. Wurin zama ya yi kyau, amma kuɗin kofi biyu ya kusa kuɗin abincin ranarmu, kiɗa kuma ya hana Hajiya sakewa, ba mu yi minti 20 ba muka tashi. In kofi mai madara kake so, ka saya a ƙananan rumfunan Barn's da ake miƙo maka ta tagar mota, ka tafi da shi Kurnish ka sha a kan darduma.

Zan sake biyan kuɗin kwana ukun nan, amma sai ejan ya rubuta mini sunan masaukin na duba shi a taswirar waya tukuna, kuma zan nemi direba mai jin Hausa tun daga Kaduna. A je lokacin sanyi, don direban ya ce da bazara gumin Jidda ba ya barin tsoho ya zauna a waje. Mun dawo da hel rabin kilo da ƙaramar butar gahawa daga Balad, kuma Hajiya ta riga ta ce idan hel ɗin ya ƙare in nemo wanda zai je Umra ya taho mata da wani.