Littafin shafa kala na gimbiyoyi daga Melissa & Doug: yadda ya kasance a hannun yara biyu

Ƙanwata ce ta kawo wa yarana wannan littafi tsaraba, kuma na bari sai da muka yi wata uku muna amfani da shi kafin in ce komai a kansa, domin kayan yara ba a ranar da aka buɗe su ake sanin ingancinsu ba. Yaran biyu ne, babbar tana da shekara huɗu da rabi tana makarantar nazare, ƙaramar kuma ta ɗan haura shekara biyu, kuma bambancin da na gani tsakaninsu shi ne ya sa na ga ya dace in yi wa iyaye bayani kafin su kashe kuɗinsu.

Kamfanin da ya yi shi na Amurka ne, wasu ma'aurata suka kafa shi a jihar Connecticut a 1988, ya kuma yi suna wajen kayan wasan katako da na zane waɗanda ba su buƙatar batir, kafin kamfanin Spin Master na Kanada ya saye shi a 2024. Littafin da nake magana a kansa shi ne Jumbo Coloring Pad mai hotunan gimbiyoyi, yana da shafi 50, girman kowane shafi inci 11 ne a faɗi da 14 a tsawo, wato kusan santimita 28 da 35, ya fi takardar fotokwafi da muka saba da ita girma sosai. An rubuta a jikinsa cewa na 'yan shekara uku ne zuwa sama.

Abin da ya fi burge ni ba hotunan ba ne, yadda aka haɗa takardun ne. Ba a ɗinke su kamar littafin makaranta ba, an manne su ne ta gefe ɗaya, saboda haka ana iya zare shafi guda ba tare da ya yage ba. Duk uwar da ta taɓa raba faɗa tsakanin yara biyu a kan littafi ɗaya za ta san darajar wannan, domin ni dai sai in zare shafi biyu, in ba kowace nata a kan tire, su zauna a tabarma, in ɗauke littafin in ajiye a saman kabad. Takardar fara ce tas, tana da ɗan kauri, kuma tana jure dannawar yaro. Kafin wannan na taɓa sayen wani mai araha a kasuwa, wanda takardarsa ta yi kama da ta jarida, an buga hoto gaba da baya, layukan sun yi siriri sun dusashe kamar an yi ta kwafar kwafi. Da ƙaramar ta danna kala sau biyu sai takardar ta huje, da babbar ta sa maka kuwa sai tawadar ta ɓullo ta bayan shafin ta ɓata hoton da ke can, aka yi asarar hoto biyu a zama ɗaya. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma wancan littafin bai cika mako biyu a gidana ba.

Babbar ta ji daɗin littafin gimbiyoyin ƙwarai. Rigunan gimbiyoyin manya ne masu faɗi, akwai fili isasshe da za ta cike da ruwan hoda, wanda shi ne kalar da ta fi ƙarewa a gidanmu, sannan akwai ƙananan abubuwa irin su kambi da furanni da tagogin gidan sarauta, waɗanda suke sa ta ta rage gudu ta riƙe kala da yatsu uku yadda malamarta take koya musu. Takan yi minti ashirin ko fiye a kan shafi guda, abin da a da waya kaɗai take iya zaunar da ita haka.

Ƙaramar kuwa labarinta daban ne, kuma a nan ne nake son iyaye su tsaya su duba. Yaro yakan fara kartar takarda tun yana da shekara ɗaya da 'yan watanni, amma a lokacin da dunƙulen hannu yake riƙe kala, motsin kuma daga kafaɗa da gwiwar hannu yake fitowa, ba daga yatsu ba. Yawancin yara sai wajen shekara uku suke iya kwaikwayon da'ira, riƙon fensiri irin na rubutu kuma yakan daidaita ne daga shekara huɗu zuwa sama. Saboda haka ɗan shekara biyu ba ruwansa da layin riga ko na fuska, abin da yake nema shi ne ya ga hannunsa ya motsa kala ta fito. Tawa ta karce fuskar gimbiya da kore cikin minti biyu, ta miƙo mini ta ce a ba ta wata, kuma da na biye mata da shafi 50 ɗin sun ƙare kafin sati ya zagayo. Wannan ba laifin littafin ba ne, tunda masu shi sun faɗi shekarun da suka yi shi dominsu, ni ce na so in yi wa yara biyu hidima da abu ɗaya. Abin da na koma yi mata shi ne in samo bayan tsohuwar kalanda ko kwalin da aka gama da shi, in zana mata kambi ɗaya babba ko riga mai siffar ƙararrawa da maka mai kauri, ba ido ba hanci ba ado, in bar ta ta yi yadda ta so. Ban taɓa ce mata kada ta fita daga layi ba, kuma ina ba da shawarar kada a ce wa kowane yaro haka kafin ya kai shekara huɗu, domin gyaran da ya zo da wuri yakan sa yaro ya ajiye kalar ya tashi.

Littafin ba ya zuwa da kala, sai an saya daban. Mun yi amfani da kirayon na Crayola masu kauri, irin waɗanda ake iya wankewa daga jiki da tufafi, kuma na jarraba hakan a kan farar rigar makaranta da ruwa da sabulu, ya fita. Wannan kamfani tun 1903 yake sayar da kirayon, da kwali mai kala takwas ya fara, kuma har yau takwas ɗin sun ishi ƙaramin yaro, domin idan aka zube masa ashirin da huɗu zaɓe ne zai cinye lokacin. Kaurin yana da amfani biyu: ya dace da dunƙulen hannu, kuma ba ya saurin karyewa ya zama gutsuren da za a jefa a baki ko a cusa a hanci. Ko wane iri mutum zai saya, ya duba jikin kwalin ko akwai hatimin AP, wanda yake nuna an gwada shi ba shi da guba, ko alamar CE ta ƙasashen Turai. Maganar ba ta tsoratarwa ba ce kawai, domin a 1994 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sa an janye wasu kirayon da aka shigo da su ƙasar saboda an sami dalma a cikinsu, kuma yaro ɗan shekara biyu sai ya ɗanɗana duk abin da ya riƙe. A kuma tuna cewa da kakin da ake yin kyandir ake yin kirayon, yana fara laushi idan zafi ya kai wajen digiri 40, don haka a lokacin bazara kada a bar shi a mota ko a bakin taga.

Akwai wani abu da ban yi tsammani ba. Gimbiyoyin littafin na tatsuniyoyin Turawa ne, da doguwar riga mai kumbura da sakakken gashi, kuma wata rana babbar ta tambaye ni ko dole ne a bar fuskar gimbiya fara. Na miƙa mata ruwan ƙasa na ce ta shafa, tun daga nan kuma gimbiyoyinta suka koma kalar fatarmu. Crayola ta fitar da kwali na musamman a 2020 mai kalolin fatar mutane 24, mai suna Colors of the World, amma ruwan ƙasan da ke cikin kwalin kala takwas ya yi mana aikin. Daga baya muka riƙa ƙara musu ɗankwali da lalle a hannu da biro, ina ba ta labarin Sarauniya Amina ta Zazzau da ganuwarta, da na Daurama da rijiyar Kusugu, har ta fara zana wa wata gimbiya doki da mashi. Da a ce wani mai buga littattafai a Kano ko Zariya zai yi mana irin wannan da alkyabba da lema da algaita, a kan takarda mai kyau, da ni ce farkon mai saye.

Ya kamata in ambata cewa rabin sunan littafin, wato Princess & Fairy, na wasu halittu ne masu fukafukai na tatsuniyar Turawa, waɗanda mu za mu kira 'yan aljanu, kuma akwai gidajen da ba sa son irin wannan, ko ma hoton mai rai gaba ɗaya. Wanda yake da wannan ra'ayi ya buɗe ya duba kafin ya biya, ko da yake zare shafin da ba a so abu ne mai sauƙi.

Kayan waje ne, farashinsa yana bin dala, kuma ba kowane kantin littattafai yake da shi ba. Ga yarinya ko yaro mai shekara uku da rabi zuwa shida, wanda za a riƙa ba shi shafi ɗaya a rana, ina ganin ya cancanci kuɗinsa, domin zai kai kusan wata biyu, mu kuwa da muke tsallake wasu ranaku har yanzu muna da saura goma sha ɗaya. Ga ɗan shekara biyu, a sayi kirayon masu kauri kawai a haɗa shi da bayan kalanda, a ajiye littafin a kabad sai baɗi.