Ra'ayina kan except* na Python 3.11

Masu aiki da asyncio, ɓangaren Python da ake tafiyar da ayyuka da yawa lokaci ɗaya da shi, wannan naku ne. Tun Oktoban 2022 da Python 3.11 ta fito aka shigo da ExceptionGroup (ƙunshin kurakurai da yawa) da except* (hanyar kama su), tsarin da Irit Katriel da Yury Selivanov da Guido van Rossum suka rubuta a takardar shawara ta PEP 654, kuma gaskiya ni dai ya yi min, duk da akwai inda yake ban haushi.

A da idan ka tura ayyuka da yawa lokaci ɗaya da gather na asyncio, biyu suka faɗi, na farko kaɗai za a jefo maka, ɗayan ya bi ruwa, sai ka gyara wannan ka sake kunna kod ɗin sannan wancan ya leƙo, haka za ka wuni. Yanzu da TaskGroup, sabuwar hanyar tura ayyuka a asyncio, da aiki ɗaya ya faɗi sai ya soke sauran, ya jira su tsaya, ya tattara duk kurakuran da suka faru ya miƙo maka a ƙunshi ɗaya. Ka sa except* TimeoutError ya ɗebi nasa, except* ValueError ma ya ɗebi nasa, duka biyun su yi aiki a try ɗaya, wanda ba ka kama ba kuma ya wuce sama, ba ya ɓacewa. Traceback ɗin (rahoton inda kuskure ya faru) ma abin kallo ne wallahi, kowane kuskure da lambarsa da layinsa a jere ƙarƙashin uwarsu. Ga add_note da ya zo tare da su, kana iya liƙa wa kuskure bayani kamar sunan fayil ɗin da ya jawo shi.

To amma fa a kula. Ko kuskure ɗaya tak ya faru a TaskGroup a nannaɗe yake zuwa, don haka tsohon except ValueError ɗinka ba zai kama shi ba, wannan kam ya kamata a ce ana gargaɗin mutane da babbar murya. Sannan ba a haɗa except da except* a try ɗaya, kuma return da break da continue duk an hana a cikin except*, SyntaxError za ka sha. Na fahimci dalili tunda reshe fiye da ɗaya na iya gudana, amma yana sa ka ƙirƙiri variable a waje don kawai ka mayar da amsa, kod ɗin ya yi muni.

In sabar ku har yanzu tana kan 3.10, akwai package ɗin exceptiongroup a PyPI (rumbun packages na Python), sai dai babu alamar tauraron, da catch() za ka yi maneji.