Xanthan, guar ko alginate: wanne zai riƙe metformin?

Metformin magani ne mai wuyar sha'ani ga mai haɗa ƙwaya. Yana narkewa a ruwa kamar gishiri, jiki kuma ba ya daɗewa da shi, shi ya sa mai ciwon suga ke shan sa sau 2 ko 3 a rana. Ga yawa: miligiram 500 zuwa 1000 a ƙwaya ɗaya. Gurbin da ya rage wa danƙon da zai sa ya riƙa fita a hankali kaɗan ne, in ka cika hannu ƙwayar ta fi ƙarfin maƙogwaro.

Xanthan, guar da alginate duk irin wannan danƙon ne. Ni da xanthan nake farawa. Ƙwayar cuta mai suna Xanthomonas campestris ce ke samar da shi a cikin tanki, don haka buhun bana bai cika saɓa wa na bara ba. Jefa ƙwayar da aka yi da shi a kwalbar gwaji ka zuba ido: cikin mintuna bayanta zai kumbura ya yi yauƙi, cikinta na nan a bushe, maganin na ratsowa kaɗan-kaɗan. Tsamin ciki ko rashinsa a hanji bai cika canza masa hali ba. Aibinsa shan danshi, kuma garinsa ba ya gudu sosai a injin buga ƙwaya, sai an dunƙula shi tukuna.

Guar ya fi araha. Daga irin wani wake ake samunsa, mafi yawa a Indiya. Sai dai yana jinkirin jiƙa, kafin ya yi kauri metformin ya riga ya kwararo da yawa a awar farko. Abokin haɗi ne mai kyau ga xanthan, amma shi kaɗai ban yarda da shi ba.

Alginate na ciyawar teku yana ƙanƙancewa a ruwan ciki mai tsami, ya zaizaye a hanji; ɗan gishirin kalsiyam yana ƙara masa ƙarfi. Chitosan kuwa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa yake, yana narkewa a tsami, ga batun masu borin jini. Ƙaro fa? Ya iya ɗaure gari, amma ba shi da kaurin da zai tsare magani na awanni.

Kowanne ka zaɓa, ka nemi na magani, kada a haɗa ka da na abinci don sauƙin kuɗi. Karɓi takardar gwajin buhun, ka duba kauri, danshi, laushin gari da yawan ƙwayoyin cuta, domin kayan tsiro suna zuwa da su. Nemi samfuri daga buhu biyu daban, ka buga ƙwayoyi, ka gwada narkewarsu a ruwa mai ɗumin jiki (digiri 37) da ma'aunin tsami (pH) 6.8 har awa 10. In layukan sakamakon buhunan biyu suka rabu a takarda, tambayi dillali dalili kafin ka biya.